Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Ƙirga Ayyukan Sabar

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, aiki kuma na tafiya daidai. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na karanta ɗan sikirif ɗin da ka turo mini, wanda aka sa ka rubuta don ya riƙa duba ko nginx, manhajar da ke miƙa shafukan intanet, na raye a kan sabar ofishinku. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Sai dai layin nan naka, ps aux | grep nginx | wc -l, zai yaudare ka. Lokacin da ps ke jero ayyukan (wato processes) da ke gudana, shi ma grep, mai tace layukan da ke ɗauke da kalmar, yana gudana, kuma kalmar nginx na cikin umarninsa, sai ya ƙirga kansa. Ko nginx ya mutu murus za ka iya ganin 1, alhali sikirif ɗinka sifiri yake jira kafin ya yi kururuwa. Ga shi kuma ka raɗa wa fayil ɗin suna duba_nginx.sh, to shi ma ya shiga lissafi. Tamkar mai ƙirga fasinja ne ya haɗa da direba da kwandasta.

Wasu na ƙara grep -v grep, wasu su rubuta grep '[n]ginx'. Duk suna cire grep daga lissafi, amma ba sa cire sikirif ɗinka, don haka ni na fi natsuwa da pgrep -c -x nginx, domin ainihin sunan kaɗai yake dubawa. Ka yi hattara da pgrep -f, shi dukan layin umarni yake bi, zai iya kama sikirif ɗinka. Idan pgrep bai samu komai ba lambar fita 1 yake mayarwa, don haka in ka sa set -e (mai tsayar da sikirif da zarar wani umarni ya mayar da lambar da ba sifiri ba) a sama, sikirif ɗin zai iya tsayawa cak daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ƙirga abin da ba ka san siffarsa ba. Nginx na da babba guda da ma'aikata. In an saita worker_processes auto a injin mai ƙwaƙwalwa (core) 4, yawanci 5 za ka gani: babba ɗaya da ma'aikata huɗu. Sauran manhajoji ma kowace da siffarta: PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai, na buɗe aiki sabo ga kowane haɗi, lambarsa na hawa da sauka, wannan ba ciwo ba ne. MySQL kuwa, shi ma na ajiye bayanai ne, mysqld guda ne tal. Apache ma, mai aiki irin na nginx, sunansa apache2 a tsarin Linux na Ubuntu, httpd a na Red Hat. Ka zauna ka kalli sabar ranar da take lafiya, ka san lambarta.

Kuma aiki na iya kasancewa a jeri amma ya sandare, ba ya amsa kowa. Bayan ƙirga, ka tambayi systemctl is-active nginx, sannan ka buga curl, umarnin da ke ɗauko shafin intanet, ka ga ko shafin na buɗewa.

Na ga ka sa sikirif ɗin ya sake tayar da sabar da kansa. Ka cire wannan tukuna, ya turo maka saƙo kawai, har sai ka nemi izinin ogan sashenku. Bayanan mutane ne a ciki, amana ce a hannunka.

Ka gwada a injin gwaji: kashe nginx da gangan, ka ga ko zai ce 0. Ka sake gwadawa ta cron, mai kunna sikirif a lokacin da aka tsara masa, domin PATH ɗinsa, wato wuraren da yake neman umarni, ba irin naka ba ne. In ka gyara, ka turo mini in duba.

Allah ya tsare min kai.

Mahaifinka.