Shafin makaranta bai kamata ya riƙa cin dala ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu kula da shafukan intanet na makarantu, ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin unguwa. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Gusau, kuma shekara shida ke nan shafin makarantar yana wuyana.

Da WordPress muka fara, kamar kowa. Manhajar gina shafukan intanet ce mai kyau, tun 2003 take, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Sakatariyarmu ba ta san HTML ba, wato harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, amma tana shiga ta rubuta sanarwa, ta ɗora hoto, ta danna, shi ke nan. Sai dai a bayan fage, duk wanda ya buɗe shafi, sai sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, ta tayar da PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ta je rumbun bayanai na MySQL ta ɗebo rubutu, ta harhaɗa shafin, sannan ta miƙa masa. Kamar mai shayi ne, sai ka zauna zai fasa ƙwai. In mutum ɗaya ne, lafiya lau. Ranar da muka fitar da sunayen yaran da aka ɗauka, iyaye suka yi caa a lokaci guda, shafin ya ƙi buɗewa har bayan la'asar.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci ya faru wata Asabar da safe, da shugaban makaranta ya kira ni murya na rawa. Wani uba ya buɗe shafinmu don duba ranar komawa hutu, sai ga tallan caca. 'Yan kutse ne suka shigo ta wani filogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, da na yi jinkirin sabuntawa. Kwana uku ina sharewa. Makarantar da ake karantar da Alƙur'ani da safe, a ce sunanta na ɗauke da tallan caca! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga kuma kuɗi. A lokacin, da dala muke biyan hayar sabar. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake lissafawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,400 a shekarar da ta biyo. Duk wannan a kan shafin da ba ya canjawa sai sau biyu ko uku a wata.

Ga abin da na yi. Na sauke WordPress ɗin daga intanet gaba ɗaya, na mayar da shi kan kwamfutar ofis. Sakatariya tana rubutunta yadda ta saba, ko da babu data. In ta gama, sai in danna wani filogin mai suna Simply Static, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su fayilolin HTML da hotuna zalla. Su nake ɗorawa a Cloudflare Pages, wani wurin ajiye shafuka a intanet, kyauta. GitHub Pages ma haka yake. Yanzu mun koma mai waina: an soya tun asuba, an jera a kwano, wanda ya zo miƙa masa kawai za a yi. Babu rumbun bayanai a waje, babu ƙofar shiga da ɓarawo zai yi ta gwada makulli. Kuɗin sunan shafin kaɗai muke biya a shekara, kuma da yake na .ng ne, da naira.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Akwai manhajojin da suka daɗe suna wannan aikin: Movable Type tana fitar da shafuka haka tun 2001, Jekyll ta zo a 2008, Hugo a 2013. Wanda zai fara sabo ya duba Publii, ita dama a kan kwamfuta ake girka ta don wannan aikin.

Ba zan ɓoye iyakarta ba. Shafin da aka riga aka soya ba ya karɓar kuɗin makaranta, ba ya nuna wa kowane yaro sakamakonsa. Waɗannan sai manhaja mai rai, kuma mun bar su a wani wuri daban. Sannan in kwamfutar ofis ta lalace babu kwafi, an yi asara, shi ya sa duk Juma'a nake kwashe komai a filashi in tafi da shi gida.

Roƙona ga malamanmu na kwalejojin kimiyya da fasaha, su sa wannan a cikin abin da suke koya wa ɗalibai. Shugabannin makarantu kuma, in mai gina shafi ya kawo takardar kuɗin sabar ta bana, a tambaye shi sau nawa shafin ya canja a zangon da ya wuce, kafin a sa hannu.

Naka,
Wani malamin kwamfuta, Gusau, Jihar Zamfara.