Hoton dutsen niƙa a jikin kwalbar man zaitun

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon turare da zuma a Aboabo, nan Kumasi, kuma man zaitun na cikin abin da aka fi tambayata. Mutanenmu na zango suna saye don tofi da shafawa, maƙwabtanmu Kirista kuma don addu'a a coci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda mutane ke zaɓen kwalba da hoto: muddin an zana dutsen niƙa da jaki a jiki, sai ka ji an ce "wannan na gargajiya ne", a biya ba ciniki.

Na ga na gargajiyar da idona lokacin da muka je ziyarar Shehu Tijjani a Fas, ƙasar Maroko. A ƙauyukan dutsen Zarhun, kusa da Maknas, suna kiran wurin ma'asara. Wani ƙaton dutse ne a tsaye yana birgima cikin kwarmi, alfadari na jansa yana zagaye, yana markaɗe 'ya'yan zaitun har da ƙwallonsu. Sai a kwashe markaɗen a cusa cikin wasu faifai na saƙar ciyawa, a ɗora wani kan wani, a murɗa dungu a danne. Mai da ruwa su gangara tare cikin rami, man ya taso sama, a yaɗe shi. Wanda ya taɓa tsayawa kan uwarsa tana murza tunkuza har man gyaɗa ya kwanta a gefen turmi ba zai ga baƙon abu ba. A kangon tsohon birnin Walili da ke nan kusa ma duwatsun matsar Rumawa na nan har yau.

To amma aiki ne mai cin rana, kuma sai an markaɗe wajen kilo 5 kafin a sami lita guda. Ga shi idan ba a wanke faifan da kyau ba, ko zaitun ya kwana biyu a buhu yana jiran layi, man yakan yi ɗoyi. Shi ya sa Sifaniya, wadda ta fi kowace ƙasa yin man zaitun, ta koma ga injin da ke juya markaɗen da gudu ya ware mai. Duwatsun da yawa sun zama kayan kallon baƙi.

Saboda haka kwalbar da ta iso kasuwar Kejetia a nan Kumasi da wuya ta taɓa ganin jaki, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin yana ga wadda aka rubuta wa "pomace" da ƙananan haruffa: wannan daga dusar da ta rage aka tatso shi da sinadari, aka tace, aka ɗan surka da mai kyau. Ana iya suya da shi, amma bai kamata a sayar wa mara lafiya a kuɗin mai kyau ba. Ina roƙon 'yan uwana 'yan kasuwa mu riƙa faɗa wa mai saye, musamman iyayenmu mata da ba sa karanta boko.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Aboabo, Kumasi