Masu dawaki, mu daina jin kunyar duba gaban dandaƙaƙƙen doki

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da mu masu dawaki muke kauce wa, wato tsabtar gaban doki, musamman wanda aka dandaƙe. Na san wani zai ce maganar ba ta dace da shafin jarida ba. Ni ma da haka nake gani, har sai da wannan kunyar ta kusa raba ni da dokin da na yi shekara 14 ina tare da shi.

Dokina danda ne, shekararsa 18 yanzu, an dandaƙe shi tun kafin ya zo hannuna. Fatar gabansa fara ce mai ɗan ja-ja, babu baƙi a jikinta, kuma wannan yana da muhimmanci kamar yadda zan faɗa nan gaba. Bara na fara lura yana yawan goga gindin wutsiyarsa a jikin turke, wani lokaci ya ɗaga ƙafar baya ya harbi cikinsa. Na ɗauka tsutsar ciki ce, na ba shi magani, abin bai sauya ba. Daga nan sai fitsari. Zai buɗe ƙafafu ya yi ta yunƙuri, in ya zo ya fito a warwatse kamar an danne bakin tiyo da yatsa, ya jiƙa masa ƙafafun baya. Ga wani wari da ke tashi in ka matsa kusa da shi.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na sa yaron da ke kula da barga ya wanke masa wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ake goge ƙasa da shi, kwana uku a jere. A rana ta huɗu kuben gabansa, wato jakar fatar da azzakarin yake komawa ciki, ya kumbura ya yi zafi, doki ba ya bari ko a taɓa cikinsa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Laifin nawa ne ba na yaron ba, ni na ba da umarni.

Sai a lokacin na kira likitan dabbobi. Ya yi masa allurar kwantar da hankali, cikin 'yan mintuna doki ya sunkuyar da kai ya saki gabansa. Abin da na gani ya ba ni tausayi: dauɗa baƙa mai maiƙo ta manne a ko'ina, wani wuri ta bushe ta yi ɓawo. Likita ya ce ita wannan dauɗar ba cuta ba ce a karan kanta. Maiƙon da fata ke fitarwa ne ya haɗu da matacciyar fata da ƙura, kuma kowane doki namiji yana yin ta, wani busasshiya, wani mai danshi. Bambancin shi ne ingarma yana yawan fito da gabansa, dauɗar na kakkaɓewa da kanta, amma dandaƙaƙƙe ba ya yawan fitarwa, wasu ma a cikin kuben suke fitsari, sai ta yi ta taruwa.

Sannan ya sa yatsa a wani ɗan aljihu da ke can bakin azzakarin, kusa da ƙofar fitsari, ya matso wani dunƙule fari-fari mai tauri, ya kai girman kan babban yatsana. Masu dawaki a ƙasashen Turawa suna kiransa wake saboda siffarsa. Shi ne yake danne hanyar fitsari. Na yi shekaru ina share wannan doki, ina wanke masa kofato, ina taje masa geza, ban taɓa sanin akwai wannan aljihun ba.

Da a nan aka tsaya da na ce an rabu lafiya. Amma da aka wanke wurin da ruwan ɗumi aka ga fata sarai, sai likita ya nuna mini wani ɗan tsiro mai kaushi, bai fi girman farce ba, da ɗan gyambo a tsakiyarsa. Ya yanki kaɗan ya aika ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo cewa sankarar fata ce. Wannan nau'in shi ne ciwon dajin da ya fi kama gaban dawaki, ya fi yawa a dandaƙaƙƙu masu shekaru, kuma dokin da fatar gabansa ba ta da baƙi, irin nawa, ya fi shiga haɗari. Masana sun alaƙanta shi da wata ƙwayar bairos ta dawaki mai suna EcPV2. Idan an gan shi yana ƙarami, ana iya yanke shi, ko a daskarar da shi da sinadari mai tsananin sanyi, ko a bi shi da man shafawa na musamman. Idan aka bar shi, yakan ci ciki har ya kai ga ƙulullutan da ke matsematsi, daga nan sai a yanke wani sashe na azzakarin, wani lokaci ma aikin ya riga ya wuce. Nawa an yanke, an daskarar da wurin. Na gode wa Allah da ya sa waken nan ya toshe masa fitsari, don ba don shi ba da ban kira likita ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutane in suka ji irin wannan labarin sai su ce ashe wanki ne magani, su koma suna wanke doki kowane mako. Ba haka ba ne. A cikin kuben akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hana miyagu zama. Yawan wanki da sabulu mai ƙarfi yana kashe su, ya busar da fata ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin dawaki sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe su, wasu ma ba sa bukatar komai sai a cire dunƙulen. Babban amfanin wankin shi ne yana ba ka damar ganin fatar da idonka. Dubawar ita ce aikin.

Wanda zai yi da kansa, ya sa safar hannu ta roba, ya yi amfani da ruwan ɗumi, da sabulu mara ƙarfi in dole ne, ya jiƙa dauɗar ta yi laushi kafin ya cire, kada ya ɓamɓare ta a bushe. Ya ɗauraye sosai har sai babu sauran kumfa, don sabulun da ya kwana a ciki ya fi dauɗar illa. Ya tsaya dab da jikin dokin ta gefen haƙarƙari, wani na riƙe da linzami a ɓangare ɗaya da shi, ya kuma tuna doki yana iya harbi ta gaba da ƙafar baya. Dokin da bai yarda ba, kada a matsa masa, kada a jawo gabansa da ƙarfi. A bari likita ya yi, a haɗa da ranar da za a yi masa allurar kwantar da hankali don gyaran haƙori. Kuma ina roƙon 'yan'uwa su daina sayen allurar nan suna yi da kansu. Akwai wadda ake kira acepromazine, takan sa doki ya saki gabansa, amma a wasu dawakin, ko da ba kasafai ba, gaban yakan ƙi komawa. Azzakarin da ya rataye ya kasa komawa cikin kube lamari ne na gaggawa, don yana kumbura cikin sa'o'i kaɗan, jinkiri kuma na iya jawo shanyewarsa har abada.

Ba sankara kaɗai ake nema ba. Mai kili ya riƙa lura da baƙaƙen ƙurarraji masu tauri a kube da ƙarƙashin wutsiya, domin yawancin kilin da ya haura shekara 15 yana samun irin wannan ƙari. Lokacin zafi da yawan ƙuda, akwai gyambon da ba ya warkewa, mai ƙaiƙayi da ƙananan ƙwayoyi rawaya a ciki. Ƙuda ne ke ajiye 'ya'yan tsutsar Habronema a wuri mai danshi kamar bakin ƙofar fitsari, kuma ana maganinsa da ivermectin tare da kwashe kashi daga barga. A ido yana iya kama da sankara, shi ya sa gwaji ya zama dole. Kumburin kube shi ma iri-iri ne. Wani daga yawan tsayuwa ne a turke, in an zagaya da doki sai ya saɓe. Wani kitse ne a dokin da ya yi ƙiba. Amma wanda ya zo da zafi, ko jini, ko ruwa mai wari, ko ya bi ƙasan ciki, ba na jira ba ne.

Akwai kuma wata ƙara da ake ji daga wasu dandaƙaƙƙu in suna sassarfa, mutane na cewa alamar dauɗa ce. Iska ce kawai ke shiga kuben tana fita, kada a wahalar da doki da wanki saboda ita.

Edita, ina roƙonka ka gayyaci wani likitan dabbobi ya yi cikakken bayani a wannan shafi, da hotuna in zai yiwu, don mai doki ya san kamannin fata mai lafiya da wadda ta fara lalacewa. Ni dai yanzu duk sanda dokina ya tsaya fitsari ina tsayawa in kalla, in ga ko yana fita a miƙe, in ga ko wurin da aka yanke ya sauya launi. Likita ya ce irin wannan ciwo yana iya dawowa, don haka duk wata shida yana zuwa ya sake dubawa. Zuwansa na gaba saura mako uku.

Na gode.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki