Wasiƙar Barka da Sallah daga Kwarin Dordogne

Zuwa ga Baba da Inna, da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, ina kuma roƙon Allah Ya karɓi layyarku, Ya maimaita mana ta baɗi cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi, damina kuma ta sauka da albarka. Ni ma nan lafiya lau nake, in ban da kewar gida, wadda ta fi tsananta a irin wannan rana. Mun yi sallar Idi da safe tare da 'yan'uwa Musulmi, yawancinsu mutanen Maroko da Aljeriya. Dokar ƙasar nan ba ta yarda a yi yanka a gida ba, sai a mahautar da hukuma ta amince da ita, saboda haka wani abokin aikina da ya yi layya sai da yamma namansa zai iso, kuma ya gayyace ni gidansa.

Baba, kun tambaye ni a waya ko wane irin wuri ne wannan da aikin gona ya kawo ni, tunda duk wanda ya ji an ce Faransa, Paris yake kawowa a ransa. Na ga tun da yau babu aiki, gara in zauna in ba ku amsa a tsanake, domin ina so ku san cewa ba a daji aka jefar da ɗanku ba, kuma ina da burin wata rana ku taka wurin nan da ƙafarku.

Gundumar da nake ciki ita ce Dordogne, a kudu maso yammacin Faransa, gabas da birnin Bordeaux, mutanenta kuma har yanzu sun fi son kiran ta da tsohon sunanta, Périgord. Ta samo suna ne daga kogin Dordogne, mai tsawon kilomita 483, wanda ya taso daga duwatsun tsakiyar ƙasar. A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sanya kwarin kogin baki ɗaya cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Wani ƙaramin kogi mai suna Vézère yana shigowa cikinsa a ƙauyen Limeuil, kuma a tsakanin kogunan nan biyu ne yawancin abin da zan ba ku labari yake. Dutsen yankin na farar ƙasa ne, ba shi da tauri, don haka ruwa ya daɗe yana cin sa a hankali, ya yanke shi ya bar tsaunuka a tsaye a bakin kogi, ya fafe ƙarƙashinsu ya zama rumfuna, ya kuma huda cikinsu ya zama koguna masu zurfi. Wannan ikon Allah shi ne ya jawo ɗan Adam ya zauna a nan tun zamanin da ba a san gini ba, domin ga ruwa, ga namun daji, ga kuma mafaka daga sanyi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kogon Lascaux, kusa da garin Montignac. A ranar 12 ga Satumba, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani saurayi mai suna Marcel Ravidat da abokansa uku suka faɗaɗa wani rami a kan tudu, suka zura ciki da 'yar fitila, sai ga bango da rufin kogo cike da zanen dabbobi. Akwai zane kusan 600 na launi, da kusan 1,500 da aka kankare a jikin dutse, kuma masana suna ƙiyasta shekarunsu da kimanin 17,000, wasu ma suna kai su 20,000. Dawakai ne suka fi yawa, sai bijiman daji da ɓauna da barewa masu ƙaho mai rassa. Ɗaya daga cikin bijiman ya haura mita 5 a tsawo.

An buɗe kogon ga jama'a a 1948, kuma cikin 'yan shekaru masu shiga suka haura mutum 1,000 a rana. Numfashin mutane da ɗumin jikinsu suka canza iskar wurin, gansakuka ta fara fitowa a kan zanen da ya yi dubban shekaru bai canza ba. A 1963 ministan al'adu na lokacin, André Malraux, ya ba da umarni aka rufe shi, kuma har yau a rufe yake, sai 'yan masana ƙalilan da ke duba lafiyarsa. A ganina wannan hukunci ya dace, ko da yake ya hana ni da miliyoyin mutane ganin na ainihi, domin da kwaɗayin kuɗin shiga aka bi, da yanzu babu abin da ya rage. Maimakon haka sai suka gina kwafinsa, na farko a 1983, sannan wani cikakke da aka buɗe a watan Disamba na 2016 a gindin tudun, wanda aka kwaikwayi kowane lungu da tudu na bangon.

Wannan na biyun na shiga. Ciki da duhu da sanyi, kamar yadda kogon ainihi yake, kuma da idona ya saba sai na lura da abin da hoto ba ya nunawa: mai zanen ya nemi inda dutse ya turo ya mai da shi kafaɗar bijimi ko cikin doki, ta yadda idan haske ya motsa sai dabbar ta yi kamar za ta ɗaga ƙafa. Jar ƙasa da rawaya da baƙin ma'adini ne kayan aikinsu, a wasu wuraren kuma hura launin suka yi da baki, shi ya sa gezar dokin ta fita da laushi. Haskensu fitilar dutse ce da ake zuba wa kitsen dabba, an ma tsinci irinta a cikin kogon. Ba a can ciki suke kwana ba, a rumfunan bakin dutse suke zaune, wato takanas suke shiga duhu don wannan aiki. Na tsaya ina tunanin cewa mutanen nan, da ba su san noma ko ƙarfe ba, Allah Ya ba su hankali da gwanintar hannu da ba su gaza namu ba ko kaɗan.

Inna, a nan ne na tuna da garinku, Birnin Kudu, da zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ba su kai na nan tsufa ba, amma su ma hannun magabata ne, kuma kulawar da ake ba su ba ta kai darajarsu ba. Ina roƙon Yaya, idan ya kai ku ziyarar bayan Sallah, ya ɗauki yaran gida ya kai su su gani.

Wanda yake son ganin zane na ainihi, akwai kogon Font-de-Gaume a Les Eyzies, inda har yanzu ake shiga, amma mutum kaɗan ake bari a kowace rana, don haka sai an nemi izini da wuri. A wannan ƙauye ne a 1868 aka tono ƙasusuwan mutanen zamanin da can a wata rumfar dutse mai suna Cro-Magnon, sunan da Auta za ta ci karo da shi a littattafan makaranta. Gaba kaɗan akwai La Roque Saint-Christophe, wani tsauni mai tsawon kusan kilomita 1 da tsayin mita 80, wanda mutane suka fafe suka yi gari a jikinsa hawa-hawa, suka zauna har 1588, lokacin da aka rushe shi a yaƙin da aka yi tsakanin ɗariƙun Kirista. Har yanzu ana ganin ramukan da suka kafa azara da matakalar da suka sassaƙa. Tun 1979 wuraren tarihi na wannan kwari suke cikin jerin kayan gadon duniya.

Idan aka gangara kudu zuwa babban kogin, sai a tarar da tarihin yaƙi. Gidajen sarauta biyu masu ganuwa, Beynac da Castelnaud, suna kan tsaunuka suna fuskantar juna, kogi a tsakaninsu. A yaƙin da Faransa da Ingila suka gwabza daga 1337 zuwa 1453, kogin nan ya sha zama iyaka, Beynac tana hannun Faransawa, Castelnaud kuma galibi tana tare da Ingilawa, har sai da aka ƙwace ta a 1442. Yanzu an mai da ita gidan adana kayan yaƙin da, inda aka kafa manyan majaujawa na katako da ake jefa duwatsu da su don fasa ganuwa. Ni dai abin da ya fi burge ni a can shi ne abin da ake hangowa daga sama: kogi yana lanƙwasa a tsakanin gonaki, ga dazuzzuka kore shar har iyakar gani. A ƙasa kuma ga ƙauyen La Roque-Gageac, gidajensa a jere a matse tsakanin ruwa da dutse. Da yake dutsen yana fuskantar kudu, yana riƙe zafin rana, har ayaba da itatuwa dangin dabino suna rayuwa a wurin. Zama a gindin dutse yana da haɗarinsa, domin a 1957 wani ɓangarensa ya ɓalle ya danne gidaje, mutum uku suka rasu. Daga nan ake hawa jiragen ruwa masu shimfiɗaɗɗen gindi, irin waɗanda a da suke kai katako Bordeaux su dawo da gishiri, kafin jirgin ƙasa ya karɓe musu sana'a.

Baba, na ajiye muku garin Sarlat a ƙarshe, saboda na san a matsayinku na magini nan ne za ku fi daɗewa. Tsakiyar garin gidaje ne na ƙarnuka da suka wuce, na dutse mai ruwan zuma, da lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano. Sun kusa lalacewa, sai wata doka ta 1962 ta kare tsofaffin unguwanni ta sa aka gyara su ba tare da an canza musu fasali ba. Rufin wasunsu shi ne abin kallo. Ba kwano ba ne, ba kuma tayil ba, faffaɗan duwatsu ne ake jerawa ɗaya kan ɗaya ba tare da siminti ba, ana cusa gindin kowanne a tsakanin sandunan katako, kowane layi yana ɗan ja baya daga na ƙasansa. Saboda tsananin nauyi, sai a yi rufin a tsaye sosai domin nauyin ya sauka a kan katanga, katangar kuma a yi ta da kauri. Irin wannan rufi yakan wuce shekara 100, amma masu iya aikin sun yi ƙaranci, kuma ana biyan su da daraja. Na daɗe a tsaye ina duba yadda aka haɗa kusurwar wani rufi, ina cewa da kuna nan da kun gane sirrin da ni ban gano ba.

Kasuwar garin tana ci Laraba da Asabar. Ana sayar da wani ƙwallon itace mai ɓawo da ake fasawa a ci ƙwayarsa, a kuma matse mai daga gare ta, shi ne ma abin da muke nomawa a inda nake aiki. Akwai zuma da cuku da kayan lambu masu kyau, sai dai Musulmi yana bukatar lura, domin naman alade da giya suna shiga abincinsu da yawa. Abincin da suka fi alfahari da shi hantar agwagwa ce da ake yi wa ɗure har ta kumbura, ni kuwa raina bai kwanta da yadda ake wahalar da tsuntsun ba, don haka ba na ci.

Idan Allah Ya sauƙaƙa al'amarin biza, watan Yuni ko Satumba ya fi dacewa ku zo. A Yuli da Agusta baƙi suna cika ko'ina, masauki ya yi tsada, lokacin hunturu kuma sanyin zai wahalar da ƙafar Inna, wasu wuraren ma a rufe suke. Yanzu haka rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare, saboda haka yini ɗaya yana isa a ga abubuwa da dama ba tare da gaggawa ba. Akwai hawa da yawa a Beynac, amma jirgin ruwa da cikin Sarlat ba za su gagari Inna ba. Takardar masauki daga ofishin magajin gari ni zan nema, ku dai ku sa Yaya ya fara duba maganar fasfo.

Na aika da ɗan abin goron Sallah ta hannun Yaya, a ba Goggo da Kawu nasu kason, a kuma saya wa yara abin da ya samu. A gaishe mini da liman da maƙwabta baki ɗaya, da duk wanda ya tambaye ni. Ina neman addu'arku da albarkarku a kullum. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.