Mai busa ƙaho bai taɓa zuwa wata ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Asabar ne ya hana ni barci. Da kunnena na ji yaron nan mai gabatarwa yana cewa wai Louis Armstrong, bayan shahararsa a busa ƙaho, shi ne ya fara taka duniyar wata. Sau biyu ya faɗa. Na zaci ba'a yake, na jira ya gyara, shiru kake ji, sai ga talla.

Haba Malam! Wanda ya je wata a Yulin 1969 Neil Armstrong ne, Bature, matuƙin jirgin sama ɗan jihar Ohio. Louis baƙar fata ne, haifaffen New Orleans a 1901, cikin talauci mai sunan talauci. Yana yaro ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan kangararrun yara, a can ya kama busa gadan-gadan. Ranar da aka sauka a wata shekararsa 67, ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa, a 1971 ya rasu. Ina wannan dattijo ina hawa kumbo?

Ban ɗauki abin da sauƙi ba domin da busar mutumin nan na tashi. Marigayi mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da garmaho, kuma har ya bar duniya bai daina ba mu labarin zuwan Louis Kaduna a 1960 ba, yadda ya gana da Sardauna, yadda yake share gumi da farin hankicinsa. Fayafayan suna nan a akwatina, naɗe cikin tsohon zanen mahaifiyata, ɗaya ya tsage tun daga baki har tsakiya amma na kasa yar da shi. To ga jikana ɗan aji biyu a sakandare, tare muka saurari shirin, ya rubuta maganar yaronku a littafinsa. Na ce ya goge, ya dube ni ya ce, "Kaka, a rediyo fa aka faɗa." Kun ga abin da kuka jawo mini a cikin gidana.

In ma so kuke ku haɗa jaz, irin kiɗan da Louis ke yi, da sararin samaniya, ai ga hanya a buɗe. Kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 kowanne yana ɗauke da faifai mai ruwan zinare, kuma busar Louis tana ciki. Wannan gaskiya ce, ba ku faɗa ba.

Da aka zo kan nebula ma, wato gajimaren ƙura da ke can sararin samaniya, yaron sai ya hau yabon hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb yana cewa "kun ga kyau?" Mu gani ta ina, a rediyo? Kuma ya ce ido ba ya iya ganin nebula ko ɗaya. Ya zo unguwarmu da sanyi, daren da aka ɗauke wuta kuma babu hazo, in nuna masa taurarin nan uku da suke jere, kusa da su akwai wani ɗan dishi-dishi kamar hayaƙi. Nebular Orion ke nan, tarin ƙura da iskar gas inda sababbin taurari ke samuwa, haskenta kan yi tafiyar sama da shekara 1,300 kafin ya iso mu.

Sannan don Allah ku daina yanke kiɗa a tsakiya kuna sako tallar maganin basir. Sau uku a rabin awa!

Ina jiran gyara ranar Asabar, a farkon shirin, kafin jikana ya yi barci.

Naku,
Wani tsohon mai sauraro, Tudun Wada, Kaduna