Shin Takardunmu Sun Fi Tsira a Landan? Amsa ga Ɗalibin da Ya Tambaye Ni

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron da aka yi kan tarihin Arewa a nan Kaduna, ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni cewa, tunda Turawa sun fi mu iya adana takardu, me zai hana a bar takardun zamanin mulkin mallaka a Ingila inda suka fi tsira? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na rubuto maka a fili, domin ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba.

Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce, amma yaƙi ba ruwansa da ƙwarewa. A watan Satumba na 1940 jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a Landan, wuta ta kama ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi da ke titin Arnside, inda aka tara fayilolin sojojin Ingila na yaƙin duniya na farko, kimanin miliyan 6.5. Kusan kashi biyu cikin uku suka ƙone. Waɗanda aka tsamo, gefensu ya babbake, ruwan 'yan kwana-kwana kuma ya jiƙa su har tawada ta narke a wasu shafukan. A Italiya ma, an kai tsofaffin kundayen Napoli wani gida a ƙauye don gudun bam, sai sojojin Jamus suka cinna musu wuta da gangan a 1943.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ajiyar kansa. A 1961 sakataren kula da ƙasashen mallaka, Iain Macleod, ya ba da umarnin kada a bar wa sababbin gwamnatoci duk wata takarda da za ta kunyata Ingila. Aka ƙona wasu, aka cusa wasu a akwatuna masu nauyi aka jefa a teku, sauran kuma aka kwashe aka ɓoye a Hanslope Park, wata cibiyar gwamnati da ke Ingila. Sai da wasu dattawan Kenya da aka azabtar a lokacin yaƙin Mau Mau, wato boren da 'yan Kenya suka yi wa mulkin Ingila, suka kai ƙara kotu, sannan a 2011 gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana riƙe da fayiloli kimanin 8,800 daga tsofaffin ƙasashen mallaka 37, har da Nijeriya. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 kan ƙarar 'yan Kenya 5,228. Da an ƙona waɗannan fayiloli kamar 'yan'uwansu, da sai a ce dattawan ƙarya suke yi.

Ban ce a kwaso komai gobe a jibge a Kaduna ba, don mu ma gara da danshi da ƙurar hunturu ba sa raga wa takarda. Abin da nake nema shi ne a ɗauki hoton kowane shafi da ya shafe mu, a ajiye a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna da kuma Gidan Arewa, haka nan rahotannin razdan da di'o, da lissafin haraji da jangali na lardunanmu, su ma a yi musu kwafi a wurare dabam-dabam. Bai kamata ɗalibi daga Zariya ya nemi biza da kuɗin jirgi ba kafin ya karanta abin da Bature ya rubuta a kan kakansa.

Ka gaida malamanka. Wassalam.