Kafin ka biya kuɗin motar nan

Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafi, ka dai san halinsa in watan Afrilu ya kama.

Ƙanwarka ta nuna mini hotunan motocin da ka turo mata ta WhatsApp. Ta fi daɗewa a kan jar nan mai manyan tayoyi, daga nan na gane ita ce ta kwanta maka a rai. A waya ba ka barina in kai aya, shi ya sa na ce bari in rubuta, ka karanta a tsanake.

Aikin da ka ce motar za ta yi shi ne kai taki da injin ban ruwa fadamar Goronyo, sannan ta kwaso albasa zuwa kasuwa. To ka ajiye maganar kyau tukuna. Ka fara tambayar kanka: ranar da ta tsaya maka tsakanin Wurno da Goronyo da la'asar sakaliya, wa zai buɗe ta, kuma ina za a samo abin da ya lalace? Duk motocin da ke cikin hotunan nan suna iya shiga daji suna sababbi. Bayan shekara biyar ake gane bambancinsu.

Da akori-kurar Peugeot 504 na fara tuƙin aikin gona, haɗin Kaduna, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Mun kafe da ita a yashi ba adadi, amma ba ta taɓa kwana a daji ba, domin kowane gari akwai wanda ya san cikinta. Abin da ya ɗaure ni ga Hilux ke nan yau. Tun 1968 Toyota ke ƙera ta, kuma a ƙasar nan gwamnati da sojoji da 'yan kwangila sun saye ta har ta zama ruwan dare. Ka shiga Buzaye ka ce kana neman shokozoba ko kuloci ko lagireto na Hilux, kafin ka sha ruwa an kawo maka kala uku. In babu a nan, ka buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, gobe ya iso a motar haya. Tsadarta ma daga nan ta samo asali, kuma ranar da ka gaji da ita ba za ka yi bara wajen neman mai saye ba.

Sai dai ka buɗe ido, ba kowace Hilux ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa daga cikin fararen nan da ke yawo a gari baya kaɗai suke ja, ko da an manna musu 4x4 a jiki, takardar mannawa ai ba ta da tsada. Ka kwanta ƙarƙashinta da kanka. In ba ka ga farfela ta biyu da ta nufi ƙafafun gaba ba, ka kakkaɓe rigarka ka yi sallama.

In maganar shiga daji zalla ake yi, Land Cruiser 79 ta fi Hilux, ba gardama. Daga jerin 70 take, wanda aka fara a 1984, kuma har yau ba a sauya mata siffa sosai ba. Gaba da baya aksul ɗinta sanda guda ce, shi ya sa take jure rami da lodin da zai gajiyar da ƙafafun gaban Hilux. Mai tsohon injin gas na 1HZ, lita 4.2, silinda shida, ba ta da saurin a zo a gani, amma famfon manta na ƙarfe ne, babu kwamfutar da za ta yi maka gardama. Da motocin Toyota irin waɗannan sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a sahara a 1987, har yaƙin ya ci sunan kamfanin. Amma kai ba yaƙi za ka ba. Kuɗinta zai cinye jarin albasar gaba ɗaya, kuma in babu lodi a bayanta, kafin ka kai Illela ƙugunka ya gaya maka.

Jar taka, Ford Ranger, ba zan kushe ta ba. Tana da ƙarfi, zamanta da daɗi, kuma kamfanin ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 800, inda Hilux ta tsaya a 700. Abin da nake tsoro cikinta shi nake tsoro cikin duk sababbin injinan gas, har da na Hilux ɗin: nozul ɗinsu, wanda ke fesa wa injin mai, ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Na gani da idona. A shekarun ƙarshe na aikina an ba mu wata sabuwar mota, ba zan kama sunanta ba don ba laifinta ba ne. Mai ya yanke mana a ƙauye, na sayi jarka biyu wajen 'yan bumburutu. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba ta fara shessheƙa, wata fitila ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi wuce gudun keke. Da bakanikena ya kwance filta ya zazzage ta a murfin kwano, ruwa ya kwanta a ƙasa, man yana yawo a samansa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga mota ba ta da laihi, mai ita ad da laihi." Sati uku tana ƙarƙashin dogon yaro tana tara ƙura, ana jiran kaya daga Legas. Da tsohon injin ne, da mun tsiyaye tanki mun ci gaba.

Saboda haka ni da zan zaɓa maka, Hilux mai fetur zan ce, injin lita 2.7. Na sani tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 fetur ya zama abin da ya zama, kuma mai gas ta fi ta tsimin mai da ƙarfin jan lodi. Amma gas ɗin ma ba araha gare shi ba, kuma gyaran nozul guda ya isa ya cinye duk abin da ka tsimi a shekara.

Mitsubishi L200 ita ce ta biyu a wurina in kuɗi sun gaza. Ta fi sauƙin farashi, kuma masu tsarin Super Select suna da abin da Hilux ba ta da shi: kana iya barinta a ƙafa huɗu ko a kan kwalta. Kayanta sai an ɗan nema. Isuzu D-Max mota ce ta aiki, Nissan Navara ma haka, amma ka fara zagaya garejin garin nan ka ƙirga guda nawa ka gani. Tacoma da Tundra kuwa don Amurka aka yi su. Sunan Toyota ne a jiki, amma kayan Hilux da yawa ba sa hawa, Tundra mai silinda takwas kuma rijiya ce wajen shan mai. Ka duba shasinsu da fitila, don a can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe ta ciki alhali fenti na sheƙi.

Ko wacce ka saya, rabin aikin yana hannunka. Kada ka bar Hilux a 4H, wato giyar ƙafa huɗu ta tafiya da sauri, kana gudu a busasshiyar kwalta. Gaba da baya a ɗaure suke, a kwana sai su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. 4L, giyar ƙafa huɗu ta tafiya a hankali, ta laka ce da hawan gaɓar rafi, tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, kuma sai ka tsaya cak kafin ka sa ta. A yashi ka rage iskar taya tun kafin ka shiga, ba bayan ka nutse ba, kuma in ta fara haƙa ka ɗaga ƙafarka daga totur. In ka samu mai makullin ƙafafun baya, wanda ke tilasta tayoyin biyu su juya tare, ka ƙara kuɗi ka ɗauka, a taɓon fadama shi ne ke fitar da mutum. Ruwa kuma, ka tuna ambaliyar 2010 da abin da ta yi wa hanyoyin Goronyo. Duk ruwan da ba ka ga yaro ya ratsa da ƙafa ba, kada ka sa motarka.

Akwai maganar da uwarka ta ce lallai in sa. Hanyar gabas, wajen Isa da Sabon Birni, ka san halin da ake ciki. Sabuwar farar Hilux mai baƙin gilashi daga nesa kama take da ta jami'an tsaro ko ta babban mutum. Ka nemi wadda ta ɗan sha jiki, launinta bai jan ido, kuma kada magariba ta same ka a hanya.

Takardun kwastan ka kai a tantance kafin ka ba da ko sisi. A farkon 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, amma 'yan Kwatano ba su daina bi ta daji ba, kuma wanda aka kama motar a hannunsa shi ke kuka. Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke jikin agogo, ka dubi yadda robar birki da sitiyari suka cinye.

Na yi wa bakanikena magana, ya ce ranar Asabar yana da sarari. Ka biya masa kuɗin mota ya same ka, ku fita da ita bayan gari inda akwai yashi, ku sa ta 4L ku saurara. Ka gaida maiɗakinka da yara. Uwarka ta ce zuman da ka yi alkawari har yanzu ba ta gani ba.

Mahaifinka